Yadda ake soyayyar shinkafa irin ta Sinawa da daddawa da busasshen kifin Yauri

A Makka na fara cin irin wannan shinkafa, shekarar da Allah Ya kira ni aikin Hajji, a wani ɗan shagon abinci na mutanen Indonesiya. Su suna kiranta nasi goreng, wato soyayyar shinkafa a harshensu. Ina kai lomar farko na dakata, domin na ji wani ɗanɗano a ƙarƙashinta da na sani tun ina yarinya, irin wanda miyar kuka ke bayarwa idan ta ji daddawa. Ashe suna sa wani haɗi ne na ƙananan jatan lande da aka bari suka ruɓa da gishiri, da kuma baƙin ruwan waken suya mai zaƙi. Na dawo Birnin Kebbi da abin a raina. Na ce idan dai ruɓaɓɓen abu mai ƙarfin wari ne ke ɗaga wannan abinci, ai mu ma muna da namu a cikin tukunya tun kaka da kakanni.

Asalin dabarar ta Sinawa ce. Su ne suka saba ɗaukar shinkafar da ta kwana su soya ta a wuta mai ƙarfi da ƙwai da ganye, har birnin Yangzhou ya yi suna a kanta, daga nan ta bazu zuwa maƙwabtansu, kowa ya sa mata abin garinsu. Ba ita ce firai rais ɗin da muke ci a gidan biki ba, wadda ake dafawa cikin ruwan nama da kori da hanta. Waccan dahuwa ce aka yi mata suna da suya. Wannan kuwa suya ce ta gaske, kuma minti 7 ta isa a gama kasko guda.

Kafin mu shiga aiki, 'yar'uwa, ki riƙe abu ɗaya, domin shi ne ke raba haɗin girki mai kyau da kwamacala. Duk abin da baƙi suke sawa a abincinsu, ki tambayi kanki wane aiki yake yi a ciki, sannan ki nemo abin gida da ke yin wannan aikin. Soya sos, wato baƙin ruwan waken suya da suke zubawa a girki, yana kawo gishiri da duhun launi da zurfin ɗanɗano, to ruwan daddawa da za mu haɗa zai yi wannan. Ganyen albasarsu shi ne lawashinmu. Jatan lande da busasshen nama da suke sawa, kifin Yauri ya fi ƙarfinsu. Man riɗin da suke ɗigawa a ƙarshe, soyayyen riɗi ya wadatar. Abin da ba a taɓawa shi ne dabarar kanta: busasshiyar shinkafa, wuta mai ƙarfi, da hannu mai sauri.

Kayan aiki

- Kaskon suyar ƙosai na baƙin ƙarfe, mai zagayayyen gindi. Kusan shi ne kaskon da Sinawa ke kira wok, ba sai kin sayi na kanti ba.
- Kurfoti da gawayi mai kyau, da mafici. Ko murhun gas mai babban kai.
- Cokalin ƙarfe mai faɗin baki da dogon hannu.
- Tukunyar dafa shinkafa, da ƙaramar tukunya ta haɗa ruwan daddawa.
- Gwagwa, ƙwarya ko roba biyu na regaya, manyan tire biyu ko faifai.
- Turmi ƙarami, wuƙa mai kaifi, katakon yanka, rariya ko farin ƙyalle mai tsabta.
- Ƙananan kwanoni kamar 8 na jera kayan haɗi.

Kada ki ɗauko kaskon nan mai baƙin shafe da abinci ba ya kamawa. Zafin da muke nema zai lalata shafen. Siririn kaskon alminiyam kuma ƙona miki shinkafa zai yi a tsakiya, gefe na nan da sanyi.

Kayan haɗi na mutum 6

- Shinkafa 'yar gumi, gwangwanin madara 5
- Busasshiyar tarwaɗa matsakaita 3
- Daddawar kalwa, abin da zai cika cokalin cin abinci 3 idan an daka
- Ƙwan kaji 4, ko na zabi 6 idan damina ce
- Albasa manya 2, da lawashi ƙulli 1
- Tafarnuwa sala 6, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa
- Attarugu 3, jan tattasai 2
- Karas 3, kabeji kwata
- Ɗanyen zogale, cikin tafin hannu 2
- Man gyaɗa gwangwanin madara 1 ba cika ba
- Riɗi cokali 3
- Mazarƙwaila gutsure kamar girman goro, ko sukari cokali 1 da rabi
- Tsamiya sili 1
- Gishiri, masoro, da yajin ƙuli na ci

A kan shinkafa zan ɗan tsaya. Allah Ya hore mana ita a jihar nan ta Kebbi, daga fadamun Argungu da Augie har Suru da Bunza, to babu dalilin neman 'yar waje. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe babban injin casa na Argungu a 2017, samun shinkafar gida marar tsakuwa ya zama abu mai sauƙi. Ki nemi mai dogon ƙwaya wadda aka yi wa gumi, irin su sipi ko jamila. Shinkafar tuwo ba ta yi, danƙo gare ta. Sabuwar shinkafa da ba ta daɗe da barin gona ba ita ma tana da laima a jiki, tana saurin caɓewa, don haka wadda ta ɗan kwana biyu a buhu ta fi.

Albasa kuwa, idan kin samu 'yar Aliero busasshiya mai ƙarfi, ki ɗauka. Mai ruwa-ruwa tana kashe zafin kasko.

1. Regaya da dahuwa

Ko mai shago ya rantse miki babu tsakuwa, ki rege. Bayan regaya ki wanke ta sau 3 ko 4, kina murzawa da tafin hannu, har ruwan ya daina fari. Wannan farin shi ne garin da ke manne ƙwayoyi da juna.

Ki tafasa ruwa mai yawa, kamar za ki dafa taliya, ki sa gishiri rabin cokalin shayi kawai. Ki zuba shinkafar, ki bar tukunyar a buɗe. Daga minti 12 ki fara ɗebo ƙwaya kina latsawa tsakanin yatsu. Abin da kike nema shi ne ta latsu, amma ki ji ɗan ƙarfi kaɗan a tsakiyarta, ba gari ba, ba kuma laushin da ake ci da miya ba. 'Yar gumi ta gida takan ɗauki minti 15 zuwa 20, ya danganta da irinta. Tana kaiwa nan ki juye a gwagwa, ki bar ta ta tsane sosai. Kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi, ƙara mata ruwa za ki yi.

Idan kin wuce da dahuwar har ta yi laushi, ki haƙura ki yi mata miya a ci, ki sake dafa wata. Shinkafar da ta riga ta sha ruwa babu wutar da za ta gyara ta.

2. Shanya ta ta huce

Ki baza ta a tire biyu, kaurinta kada ya wuce gaɓar yatsa. Ki ɗiga man gyaɗa cokali 1 ki barbaza da cokali mai yatsu. Ki ajiye a ƙarƙashin fanka, ko a inuwa inda iska ke kaɗawa, ki yafa mata siririn ƙyalle saboda ƙuda. Bayan minti 15 ki juya ta. Da hunturu cikin rabin awa ta bushe, sai dai ki kula da ƙura. Da damina takan kai awa guda. Alamar ta yi ita ce ki damƙa ki saki, ƙwayoyin su watse, tafin hannunki ya fito ba danshi.

A nan akwai gargaɗin da ba na so ki tsallake. Za ki ji ana cewa shinkafar da ta kwana ta fi daɗin suya. Gaskiya ne, amma wadda ta kwana a firiji ake nufi. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa, tafasa ba ta kashe 'ya'yanta, kuma idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi sai su farfaɗo su zuba dafi. Wannan dafin suya ba ta karya shi. Amai da gudawa yake sawa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, shinkafar da ta kwana a tukunya a madafa ba abin soyawa ba ce. Idan kina da tabbacin wutar lantarki, ki huce ta cikin awa guda, ki sa a firiji, ki soya washegari. Idan babu tabbas, ki dafa, ki shanya, ki soya cikin awa 2. Ni haka nake yi kusan kullum, kuma tana fitowa warwar.

3. Gyaran kifi

Kifin da ke fitowa daga Yauri, na kogin Kwara da tafkin Kainji, shi na fi so saboda banda yake sha sosai, ƙamshin hayaƙin nan kuma yana shiga shinkafa. Na Argungu ma ba baya ba. Ki zaɓi mai nauyi a hannu, mai sheƙi, wanda ba ya zubar da gari idan an ƙwanƙwasa. Ki kai shi hanci. Wasu masu sayarwa suna fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Na taɓa sayen irinsa ban sani ba, sai da na zuba ruwan zafi warin ya taso, dole na zubar da shi gaba ɗaya. In kin ji wani wari da ba na kifi ba, ba na hayaƙi ba, ki ajiye masa abinsa.

Ki jiƙa kifin a ruwan zafi da gishiri na minti 5, ki goge yashi da toka, ki zubar da ruwan. Ki cire kai da ƙaya ki ajiye su gefe, suna da aiki. Tsokar ki ɓarɓashe ta kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, kina bi da yatsa kina tsince ƙananan ƙayoyi, musamman idan yara za su ci. Ki baza ta ta sha iska.

4. Ruwan daddawa

Nan ne zuciyar girkin, kuma nan na fi shan wahala kafin na gane kansa.

Karona na farko dakakkiyar daddawa na barbaɗa kai tsaye a kan shinkafa a kasko, kamar yadda ake yi wa dafa-duka. Ta ƙone a gindin kasko ta yi ɗaci, inda ba ta ƙone ba kuma warinta ɗanye ya rufe komai. Abin ya dame ni, domin baƙi na yi wa. Sai na zauna na yi tunani: soya sos ai ruwa ne, an riga an tace shi, shi ya sa yake bin kowace ƙwaya. To me zai hana in mayar da daddawa ruwa?

Dangantakarsu ta kusa ce. Soya sos waken suya ne da alkama da gishiri da ake bari su ruɓa na watanni. Daddawa kalwa ce da aka dafa aka rufe ta kwana 2 zuwa 3. A duka biyun, ruɓar ce ke sakin sinadarin da ke sa abinci daɗi a baki, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 ya sa wa ɗanɗanonsa suna umami. Shi ne dai ake zubawa a dunƙulen magi. Bambancin kawai, daddawa ba ta da gishiri da ɗan zaƙi da ɗan tsamin da soya sos ke da su, sai mun ƙara mata.

Ga yadda za ki yi. Ki ɗora daddawar a busasshen kasko a wuta kaɗan, kina juyawa, minti 2 zuwa 3, har warin nan mai hawa kai ya sauka ya koma ƙamshi kamar na gasasshiyar gyaɗa. Kada ta yi baƙi. Ki sauke ki daka.

Ki sa mazarƙwaila a ƙaramar tukunya ba ruwa, a wuta kaɗan. Za ta narke ta fara kumfa, launinta ya koma kamar na dabino mai duhu. Da zarar kin ga siririn hayaƙi ya fara tashi, ki ja baya kaɗan ki zuba ruwan zafi gwangwani 3. Zai fantsama, ki kula da fuskarki. Ki zuba daddawar, da kawunan kifi da ƙayoyin, da citta yanka 3, da tafarnuwa sala 1 da aka fasa, da tsamiya. Ki bar shi yana tafasa a hankali, a buɗe, har ruwan ya ƙone ya dawo kamar gwangwani 1. Yakan ɗauki minti 25 zuwa 30. Ki tace da ƙyalle, ki matse sosai, sannan ki sa gishiri cokalin shayi 2.

Ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji gishirin ya yi yawa, wanda ba za a iya sha ba. Haka ake so, domin shi zai ɗauki nauyin shinkafa gwangwani 5. Launinsa ya zama kamar baƙin shayi mai kauri. Idan tsami ya fito fili, tsamiya ta yi yawa, ki ƙara ɗan sukari. Tsamin a ɓoye ake son sa.

Tukuɗin da ya rage a ƙyalle kada ki zubar, ki jefa a miyar kuka ta dare.

5. Yanka da jerawa

Idan kasko ya hau wuta babu sauran lokacin neman wuƙa, don haka komai ya zama a shirye. Ki yanka albasa da karas da tattasai ƙanana, kada su wuce girman ƙwayar masara. Kabeji siriri. Lawashi ki wanke, ki tsane, ki yanka. Tafarnuwa da citta da attarugu ki jajjaga su tare sama-sama. Kada ki kai su inji, markaɗe ruwa ne, ruwa kuma shi ne abokin gabarmu a wannan girki. Saboda haka ma babu tumatir a ciki.

Zogale ki tsince itacen, ki tsoma a tafasasshen ruwa minti 2, ki matse shi ƙam. Riɗi ki rege shi tun da wuri don yana da yashi, ya bushe, ki soya a busasshen kasko har ya fara tsalle, ki ɗan fasa shi a turmi. Ƙwai ki kaɗa da ɗan gishiri da masoro.

Idan man gyaɗan na gida ne, na masu ƙuli, ki fara soya shi da yankan albasa har ya daina kumfa, gafin ya fita. Ya fi na jarka ƙamshi nesa ba kusa ba. Manja ba ya shiga nan.

Ki raba shinkafar kashi 3, kayan lambun ma ki raba su da ido kashi 3. Ki jera kwanonin a hannun damanki bisa yadda za su shiga kasko.

6. Wuta

A tsakar gida ake wannan aiki, domin akwai hayaƙi. Ki cika kurfoti da gawayi, ki bari ya kama duka ya yi ja, ba rabi baƙi ba. Mutane suna ɗauka sai mai gas ke iya wannan girki, alhali ƙaramin gas ɗin da ke yawancin gidajenmu bai kai gawayin da ake yi wa fifita zafi ba. Ki samu wanda zai riƙe miki mafici. Ki ɗaure ɗankwali, ki cire mayafi ko hijabi mai jan ƙasa, ki kori ƙananan yara daga wurin, kuma ki tabbata kaskon ya zauna daram ba ya rawa.

Ki ɗora kaskon babu komai har sai kin yarfa ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ɓace nan take. Sannan ki zuba mai, ki juya shi ya shafi gefe. Kasko ya fara zafi kafin mai ya shiga, wannan ne ke hana kamu.

7. Suya

Ki fara da abubuwa biyu da ake yi sau ɗaya. Mai cokali 2, ki zuba ƙwai duka, ki bar shi ya kumbura na ɗan lokaci, ki farfasa, ki kwashe tun yana da taushi. Ki ƙara mai cokali 2, ki soya kifin minti 2 har gefensa ya yi ƙaras, ki kwashe.

Yanzu kashi na farko. Mai cokali 2. Albasa da karas su shiga, minti 1 kina juyawa. Jajjagen tafarnuwa ya biyo, ki ƙirga 20 a ranki, kada ki wuce, tafarnuwa ba ta da haƙurin wuta. Ki juye shinkafar, ki baza ta har gefen kasko da bayan cokali, ki ɗauke hannunki ki ƙirga 30. Sannan ki kwaso daga ƙasa ki kifa, ki sake bazawa, ki sake jira. Haka za ki yi ta yi na kamar minti 3.

Ki saurara da kunne. Idan kina jin ƙas-ƙas, kina ganin wasu ƙwayoyi suna tsalle a gefen kasko, wuta ta yi. Idan kuwa shuu kike ji, tururi na tashi fari, to dahuwa take yi ba suya ba. A ƙara fifita, ko ki rage shinkafar. Wannan ɗan ƙamshin babbaka da wuta mai ƙarfi ke bari a jikin abinci, mutanen Kanton na kudancin Sin suna kiransa wok hei, wato numfashin kasko. Saboda shi muke raba shinkafa kashi 3. Na san zuciya za ta ce miki ki juye duka ki huta. Kada ki biye mata. Kasko yana cika zafinsa ke mutuwa.

Sai ruwan daddawa, cokali 4. Kada ki zuba a tsakiyar shinkafa. Ki zagaya da shi ta gefen kasko, inda ƙarfen yake tsirara, ya yi cuu ya ɗan ƙone kafin ya gangaro. Ki juya da sauri har launin ya game ko'ina, babu fara babu baƙa. Ki watsa kabeji da tattasai, minti 1. Ki kawo kashi ɗaya na kifi da ƙwai da zogale da lawashi, ki juya sau 5 ko 6, ki ɗanɗana. In gishiri bai ji ba, ƙarin cokali 1 na ruwan daddawa. Ki kwashe a babban kwano, ki barbaɗa riɗi, kada ki rufe ruf don kada gumi ya sauka a kanta.

Ki kankare kaskon, ki goge da tsumma mai tsabta, ki bari ya sake ɗaukar zafi, sannan kashi na biyu. Idan kin bar ɓurɓushin na farko, shi zai ƙone ya ɓata na bayansa.

8. Zubawa

Da zafinta ake ci. Ni ina ajiye yajin ƙuli a gefe, da yankan kokwamba da lemun tsami, sai zoɓo mai sanyi ko kunun aya. Ba ta buƙatar miya. Mai son man shanu ya ɗiga kaɗan a kwanonsa, amma kada a sa shi a kasko, ƙonewa yake yi.

Ranar da na fara dacewa da ita na kai wa surukata, tsohuwar da ba ta yarda da abincin zamani ba, tuwon shinkafa da miyar kuka ne abincinta. Ta ci loma biyu shiru, ta tona kwanon da yatsa tana dubawa, sannan ta ɗago ta ce, “Ɗiyata, mi anka sa ma wagga shinkafa? Ina jin daddawa, amma ba ni ganinta.” Na ce, “Inna, tana ciki, tace ta na yi.” Ta ce in ƙaro mata, kuma in sa kifin da yawa.

Idan wani abu ya rasa

Babu busasshen kifi? Kilishi yana yi ƙwarai. Ki yayyaga shi ƙanana, ki sa a ƙarshe tare da lawashi, ba sai kin soya ba, amma ki rage attarugu da gishiri don ya zo da nasa. Ragowar tsire ko balangu ma haka, kuma bayan Babbar Sallah soyayyen naman layya ya fi komai dacewa. A ruwan daddawar sai ki sa ɗan ƙashi ko garin kirefish a madadin kan kifi. Ɗanyen kifi kamar ƙarfasa ko giwan ruwa, ki soya shi daban ki ɗora a sama, domin idan ya shiga kasko dagargajewa zai yi. Wadda ba ta cin nama ko kuɗi suka yi mata kaɗan, ta yanka awara ƙanana ta soya ta yi ja. Awara ma asalinta daga Sin take, ta zo ta zama 'yar gida.

Daddawar waken suya tana maye gurbin ta kalwa, sai dai ba ta kai ta ƙarfi ba, ki ƙara cokali 1. Idan kina da soya sos na kwalba kuma kina son haɗawa, ki sa rabi da rabi, ki rage gishirin ruwan daddawa zuwa cokalin shayi 1, kuma ki duba jikin kwalbar ki ga tambarin halal.

Lawashi yakan yi wuya idan ba lokacin albasa ba ne. Busasshensa, wato gabu, ba ya yin wannan aiki a kasko, sai dai ki jefa ɗan kaɗan a ruwan daddawa, ki ƙara ɗanyar albasa siririya a ƙarshe. Zogale in babu, alayyafo ya shiga, shi ma a matse shi. Rama da yakuwa tsaminsu ya yi yawa.

Mai risho ko ƙaramin gas kada ta karaya. Ta raba shinkafar kashi 5 maimakon 3, ta ƙara tsawon jiran da ake yi bayan an baza ta.

Idan shinkafar ta dunƙule tun a tire, ki shafa mai a hannu ki warware ta kafin ta shiga kasko, ba a cikinsa ba. Idan ta yi maiƙo, mai kika yi ta ƙarawa saboda tana kamawa, alhali zafi ne bai isa ba. Idan ɗaci kika ji, ɗaya cikin uku ne ya ƙone: tafarnuwa, mazarƙwaila, ko daddawa wajen gashi. Idan gishiri ya zarce, ki soya ɗan ragowar farar shinkafa ba ruwan daddawa ki cakuɗa, shi ya sa nake rage cikin ludayi biyu a tire har sai na gama.

Ruwan daddawar da ya rage yana kwana 3 a firiji cikin kwalba mai murfi. In kina da firiza, ki zuba a robar ƙanƙara ki riƙa ɓallo ɗaya-ɗaya. Da shi nake soya taliya a wannan kaskon, bisa wannan tsari, sai dai taliyar ana sauke ta da saura, a tsane ta, a shafa mata mai, kuma kabejin ana ninka shi biyu.